Nawa Zai Kai Hannu? Yadda Ake Gwada Hanyoyin Tura Kuɗi Waje Daga Zariya

Duk wanda ya taɓa zuwa awo kasuwar Giwa ya san kuɗin da mai hatsi ya faɗa da baki rabin magana ne. Mutum biyu za su yi maka kuɗin tiya ɗaya, amma ta wannan a cike take har da tozo, ta wancan kuwa an bubbuge mata gindi, sai ka koma gida ka juye buhu sannan ka gane an yi maka sakiyar da ba ruwa. Haka tura kuɗi ƙasar waje yake. Kowace manhaja ka buɗe tana yi wa kanta kirarin araha, wata ma ta ce kyauta take aiki. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: in naira kaza ta fita daga asusuna a Zariya, nawa ne zai shiga hannun wanda na tura wa, kuma yaushe?

Ni ba ma'aikacin banki ba ne, larura ce ta koya mini. Ƙanena yana cikin ɗaliban da yaƙin Sudan ya koro a 2023, daga baya ya samu gurbi a Alƙahira, ɗawainiyar kuɗin makaranta da na haya ta dawo kaina. A ɗaya gefen kuma 'yar yayata tana aikin jinya a Ingila, duk wata takan aiko wa Hajiya na cefane, ni ne mai duba alat. Saboda haka na ga abin ta fuska biyu, na kuma yi asarar da ba na son wani ya maimaita.

## Da farko: fita kuɗin zai yi ko shigowa?

Kada ka raina wannan tambaya, ita ce ke cinye wa mutane kwanaki a banza. Sunayen da aka fi ji, irin su Western Union, MoneyGram, WorldRemit, Remitly, Sendwave, LemFi da Taptap Send, ƙarfinsu yana wajen wanda ke zaune a Landan ko Amurka ko Kanada yana son ya aiko gida. A ƙarshen Janairun 2024 Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya sabunta ƙa'idojin irin waɗannan kamfanoni, ya taƙaita aikinsu ga shigo da kuɗi kawai, ya kuma ce da naira za su riƙa biyan mai karɓa. Ita ma Wise da ake yawan yabo saboda tana nuna cajinta a fili, ba za ka zuba mata naira daga asusunka ka ce ta kai maka Masar ba.

Don haka in ka ci karo da wani shafi ya jero manhajoji goma mafi araha a duniya, da wuya a ce da kai mai naira a Samaru yake magana. Da ɗan'uwanka na Manchester yake. Ka sauke manhajar, ka cika suna, ka ɗauki hoton fuska, sai a ƙarshe ka nemi Najeriya a jerin ƙasashen da ake turawa daga cikinsu ka rasa. Kafin ka ɓata datarka, jerin nan za ka fara dubawa.

## Ƙofofin da suke buɗe ga mai naira

Ta farko ita ce banki ta hanyar Fom A. Wannan ita ce hanyar hukuma ta biyan kuɗin makaranta, kuɗin asibiti da guzurin tafiya. Yanzu a intanet ake cika shi, a shafin CBN na sa ido kan hada-hadar kasuwanci da waje. Ka yi rajista da BVN, a turo maka lambar tabbatarwa ta imel ɗin da ke jikin BVN ɗin, ka zaɓi bankinka da reshen da kake hulɗa da shi, ka ɗora takardar samun gurbi, takardar kuɗin da makaranta ta nema da shafin fasfo mai hoto. Kuɗin makaranta asusun makaranta yake tafiya kai tsaye, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Mutane da yawa a nan suke tsayawa cak, don imel ɗin da aka sa musu ranar yin BVN wani mai shagon kwamfuta ne ya buɗe, ba su ma san lambar sirrinsa ba. In haka ne, sai ka taka zuwa reshen bankinka a unguwar PZ ta Zariya a gyara, zuwa da kai ya fi aike.

A da, amfanin Fom A shi ne rahusa, don dalar gwamnati ta yi nisa da ta kasuwar bayan fage, shi ya sa layi ya yi tsawo har mutum ya yi watanni yana jira. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, tazarar ta ragu ƙwarai. Abin da ya rage wa Fom A na daraja shi ne takarda: shaidar da makaranta da ofishin jakadanci ba sa musu da ita.

Ta biyu, asusun dala. Ka buɗe a bankinka, ka zuba dala ko a turo maka daga waje, sannan ka ba banki umarni ya tura ta SWIFT, wato layin saƙon da bankunan duniya ke magana da juna ta kansa. Ƙa'idar da CBN ya fitar a 2023 ta yarda a tura har dala 10,000 a rana daga tsabar da aka zuba. In za ka sayi tsabar a hannun ɗan canji, ka tsaya ka duba kowace takarda. Mai tabo ko yaga takan jawo dogon turanci a kanta, kuma 'yan canji sun fi mutunta sabuwar ɗari mai shuɗin zare da aka fara fitarwa a 2013.

Ta uku, kati. Daga 2022 bankuna suka yi ta toshe amfani da katin naira a waje saboda ƙarancin dala, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, kowanne da iyakar da ya sa. Kati ya dace da ƙananan biya: kuɗin neman gurbi, kuɗin jarrabawa, kama ɗakin otal. Jami'o'i da yawa a Ingila, Amurka da Kanada suna karɓar kuɗi ta kamfanin Flywire, kuma mahaɗin da makarantar da kanta ta ba ka shi za ka bi, ban da wanda wani ya turo a zauren WhatsApp.

Ta huɗu, PAPSS, ga mai turawa cikin Afirka. Bankin Afreximbank ne ya kafa tsarin, aka ƙaddamar da shi a Accra a Janairun 2022, don ka biya da naira mutuminka a Ghana ya karɓi sidi ba tare da an ratsa ta dala ba. Ka tambayi bankinka ko yana ciki, ka kuma tabbatar bankin mai karɓa ma yana ciki, don sai gefe biyu sun haɗu.

Ta biyar, manhajojin da ke buɗe maka asusun dala ko fam ko yuro a waya, irin su Grey da Raenest. Asalinsu na masu aiki ta intanet ne da ake biya daga waje, amma ana canja kuɗi a cikinsu a kuma tura. Suna da sauri, ba layi. Sai dai ba banki ba ne, hanya ce ta wucewa. Ni ban taɓa barin kuɗin zango ya kwana biyu a irin wannan wuri ba.

Ta shida kuwa kowa ya santa: ɗan canji. Ka ba shi naira a nan ko a Wapa ta Kano, abokin hulɗarsa a Alƙahira ko Jidda ko Guanzu ta China ya miƙa wa mutuminka kafin la'asar. Kakanninmu fatake da amana irin wannan suka yi fatauci, kuma har gobe akwai masu riƙe ta. Amma ka san abin da kake shiga. Ba rasit ɗin da makaranta za ta karɓa, in an samu saɓani ba ofishin da za ka kai ƙara, kuma sau da yawa lambar asusun da za a ce ka zuba kuɗi ta wani ce da ba ka taɓa ji ba. A Maris 2024 CBN ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a tashi ɗaya, don haka allo a ƙofar shago ba shaida ba ne. Haka masu bi ta USDT, wato kuɗin intanet da aka ɗaure da dala: a wannan watan ne Binance, dandalin cinikin irin wannan kuɗi, ta daina hulɗa da naira, kuma ba da jimawa ba EFCC ta samu izinin kotu ta rufe asusu sama da dubu da ake zargi da cinikin canji ba bisa ƙa'ida ba. Wanda kuɗin damfara ya ratsa ta asusunsa, ko bai sani ba, shi zai yi ta sintiri yana wanke kansa. Akwai kuma batun sharaɗin hannu da hannu a musayar kuɗi, in za ka ba da naira yau a ce dala sai mako mai zuwa. Wannan ka kai wa malaminka, Zazzau ba ta rasa masu amsawa ba.

## Nemo ma'auni kafin ka shiga ciniki

Kafin ka buɗe kowace manhaja, ka san farashin tsakiya na wannan rana, wato wanda ke tsakanin saye da sayarwa a babbar kasuwa. Rubuta "USD NGN" a Google ko ka duba shafin farashin canji na XE, ka kuma leƙa wanda CBN ke wallafawa a shafinsa. Ba wanda zai sayar maka a kan wannan farashi daidai, amma shi ne tiyar gaskiya da za ka auna ta kowa da ita. Duk abin da aka ɗora a kansa caji ne, ko an kira shi caji ko ba a kira ba.

Wasu kuɗaɗen a ɗaure suke, wannan ya sa lissafinsu ba wuya. Riyal ɗin Saudiyya 3.75 ne a dala ɗaya. Dirhamin Dubai 3.6725. Sefa kuwa da yuro aka ɗaure ta, 655.957 a yuro ɗaya. A ƙaddara dala tana naira 1,500, to riyal bai kamata ya yi nisa da 400 ba. In wani ya ce maka 425, kamar ya sayar maka da dala a kan kusan 1,594 ke nan, alhali da dala ya ambata a haka da ka miƙe ka kakkaɓe riga. Haka in yuro tana 1,700, jakar sefa, wato sefa dubu, tana wajen naira 2,590. Af, in da mutumin Maraɗi ko Damagaram kake magana, ku daidaita harshe tukuna: a can "dala" sefa biyar ce, dala ashirin ita ce sefa ɗari. An sha yin dariya a kan wannan, an kuma sha yin rigima.

## Lissafin da shi ne ƙashin bayan komai

Ɗauki takarda da biro. Ka tsayar da adadi ɗaya da kake son ya isa, ka tambayi hanya uku a cikin awa ɗaya, don farashin safe ba shi ne na yamma ba. A kowace ka rubuta abu biyu kacal: jimillar nairar da za ta bar asusunka har da kowane caji, da adadin da zai sauka a can. Ka raba na farko da na biyu. Abin da ya fito shi ne ainihin kuɗin da ka sayi dala ɗaya.

Ga misali da alƙaluman da na ƙaga don koyo. Farashin tsakiya 1,500, kana son dala 1,000 ta isa. Manhaja ta ɗaya ta ce ba caji ko sisi, amma dalarta 1,560 ce. Za ka biya 1,560,000. Ta biyu tana cajin naira 15,000, dalarta 1,520. Jimilla 1,535,000. Banki kuma ya ba ka 1,510, cajin turawa 20,000, jimilla 1,530,000. Da ido, banki ne ya yi nasara, mai kyauta kuma ita ce ta ƙarshe. Amma saƙon SWIFT yakan ya da zango a wani banki na tsakiya, galibi a Amurka in dala ce, shi ma ya yanki nasa. A ce ya cire dala 25, abin da ya isa 975 ne. Raba 1,530,000 da 975, ka samu kusan 1,569. Ashe wanda ya fi kama da araha shi ya fi tsada, ga kuma makaranta za ta rubuto cewa ana bin ɗalibi cikon dala 25, kuma tura wannan ciko kaɗai zai ci wani sabon caji.

Yanzu canja adadin ka ga yadda layi ke juyawa. In dala 100 ce ta cefane, mai "kyauta" za ta ci 156,000, ta biyu 167,000, banki kuwa ba a ma maganarsa, don rubu'in kuɗin zai narke a hanya. In kuma dala 5,000 ce, ta ɗaya 7,800,000, ta biyu 7,615,000, banki 7,570,000 da 4,975 a can, wato wajen 1,522 a kowace dala, ya ɗan sha gaban ta biyu mai 1,523. Tsakanin mai kyauta da sauran an doshi naira dubu ɗari biyu. Shi ya sa in wani ya ce maka "manhaja kaza ta fi kowace sauƙi", ka tambaye shi nawa ya tura. Tsayayyen caji yana cutar mai ƙaramin kuɗi, ƙarin da aka ɓoye a cikin farashi yana cutar mai babba.

Wancan yanka na bankin tsakiya yana da magani. A fom ɗin turawa akwai gurbin da ake zaɓar wanda zai ɗauki caji, da haruffa uku-uku. OUR na nufin kai mai turawa ka ɗauki duka, SHA ku raba, BEN a cire daga na mai karɓa. In biyan da dole ya cika cif ne, kamar na makaranta ko asibiti, ka ce OUR, ka tambayi nawa zai ƙaru, ka sa shi a lissafi. Wasu kuma sukan zaɓi SHA su ɗora 'yan daloli a sama. Duk wanda ka zaɓa, kada ka bar ma'aikacin kanta ya cike maka gurbin ba tare da ka gani ba.

Sai tarkon canji biyu. In makaranta da dala ta rubuta kuɗinta, ka tura dala. In ka tura wani kuɗin, za a canja nairarka sau ɗaya a nan, a sake canjawa a can, kowane juyi da ladansa. Haka in kana biya da kati shafi ya yi maka tayin "mu nuna maka da kuɗin ƙasarka", ka ƙi, ka biya da kuɗin da aka rubuta asali. Wannan tayin da ya yi kama da kara, farashinsa ne ya fi muni.

## Abin da biro ba zai nuna maka ba

Lokaci. Manhaja kan kai cikin mintoci ko yini, SWIFT kwana ɗaya zuwa biyar na aiki in ba matsala, Fom A kuma sai an ƙara kwanakin duba takardu. Ka lura da hutun mako na can. Saudiyya da Masar Juma'a da Asabar suke hutu, mu Asabar da Lahadi. Kuɗin da ka tura Alhamis da yamma zai iya yin kwana huɗu bai gamu da ma'aikaci a gefe biyu ba. Litinin ko Talata da safe na fi so. In hutun Sallah ya gabato, ka ba da tazarar mako guda.

Yadda za a karɓa. Asusun banki ne, tsaba ce a kanta, ko asusun waya? Ɗalibin da bai samu takardar zama ba tukuna sau da yawa ba ya iya buɗe asusu a ƙasar da yake, to duk arahar hanyar da sai da asusu ba ta amfane shi ba. Shi za ka fara tambaya kafin ka yi lissafinka.

Iyaka. Kowace manhaja tana da matakin tantancewa. Da BVN da NIN kaɗai ana ba ka ɗan adadi, babban kuɗi sai da fasfo, shaidar adireshi, wani lokaci da shaidar inda kuɗin ya fito. Ka kammala wannan tun kafin ka zuba ko kwabo. Babu takaici irin kuɗi ya shiga manhaja sannan ta ce kawo takardar wuta mai sunanka, kai kuma a gidan gado kake a cikin Birni, mita da sunan kaka. Tun da aka cire Najeriya daga jerin ƙasashen da hukumar FATF mai yaƙi da halatta kuɗin haram a duniya ke sa wa ido a Oktoban 2025, bayan shiga da ta yi a Fabrairun 2023, ana sa ran tambayoyin bankunan waje su ragu, amma tantancewa ba za ta tafi ba.

Lasisi. CBN yana wallafa sunayen kamfanonin da ya ba izini a shafinsa. Na Ingila ana duba su a rajistar hukumar FCA, na Kanada a ta FINTRAC. Minti biyar ya isa. Ka kuma gwada aika wa sashen kula da abokan hulɗa tambaya tun ba ka da matsala. In suka yi kwana uku ba amsa alhali kuɗinka suke nema, ka ƙiyasta yadda za su yi ranar da kuɗin ke hannunsu.

## Suna da lambobi

A nan na ci tawa ƙasar. Na rubuta sunan ƙanena yadda muke rubutawa a gida, Muhammad, alhali a fasfonsa Mohammed ne, na kuma bar sunan tsakiya. Bankin can ya ƙi karɓa. Sai da kuɗin ya yi mako uku yana yawo sannan ya dawo, an gutsure shi tafiya da dawowa, mai gidan haya kuma yana ta buga wa yaro ƙofa. Mu Hausawa mun fi kowa shiga wannan rami: Abubakar da Abubakr, Aisha da A'ishatu, Usman da Othman, ga sunan gari da wani ke sawa a wata takarda ya cire a wata. Ka sa mai karɓa ya turo hoton fasfo ko takardar banki, ka kwafa harafi bayan harafi.

Lambobi ma kowace ƙasa da tsarinta, kuma ƙirga su kaɗai yakan tona kuskure. Lambar SWIFT ta banki haruffa 8 ce ko 11. IBAN, wato lambar asusu ta ƙasa da ƙasa, na Saudiyya 24 ne yana farawa da SA, na Masar 29 da EG, na Turkiyya 26 da TR, na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa 23 da AE, na Ingila 22 da GB. Amurka ba ta amfani da IBAN, lambar banki mai alƙaluma 9 ake haɗawa da ta asusu. Indiya kuma, ga masu zuwa asibiti, akwai lambar reshe ta IFSC mai 11. In makaranta ce, lambar ɗalibi a gurbin bayani wajibi ce, in ba haka ba kuɗin zai shiga ya zauna ba a san na wa ba ne.

Wani gargaɗi: in saƙo ya zo ta imel cewa makaranta ko asibiti ko kamfanin da kake sayen kaya sun canja asusu, kada ka tura sai ka kira su ta lambar da ka sani tun da. 'Yan damfara sukan shiga akwatin imel su jira daidai ranar biya.

## Ranar turawa

Sai an gwada akan san na ƙwarai. In sabuwar manhaja ce, fara da ɗan abin da in ya maƙale ba zai hana ka barci ba, ka jira mai karɓa ya ce ya gani, ka kwatanta abin da ya sauka da abin da aka yi alkawari. SWIFT bai dace da irin wannan gwaji ba saboda cajinsa, a can sai dai a ninka duba lambobi. Kafin ka danna, ɗauki hoton shafin ƙarshe mai nuna farashi, caji da adadin da zai isa. Ka duba ko farashin a kulle yake ko zai iya motsi kafin kuɗinka ya shiga, don wasu na ba ka mintoci ne kawai. In sabis yana rawa, kamar yadda yakan yi mana da hadari, kada ka danna sau biyu. Duba tarihin asusu tukuna.

## In kai ne mai karɓa

A nan kasuwa a cike take, gasa kuma ta yi amfani. Najeriya na samun wajen dala biliyan 20 a shekara daga 'ya'yanta na waje, shi ya sa kamfanoni ke rububi. Duk da haka alƙaluman Bankin Duniya sun daɗe suna nuna cewa turawa ƙasashen Afirka kudu da Sahara ta fi ta ko'ina tsada, wajen kashi 8 cikin ɗari a kan dala 200, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030.

Abin da na gaya wa 'yar yayata shi ne ta ajiye manhaja uku a waya, duk wata ta rubuta fam 200 a kowace ta ga wadda za ta sauke wa Hajiya naira mafi yawa. Ba ta zama da guda ɗaya, don wadda ta yi gaba a watan jiya takan koma baya a na yau. Farashin marhabin da ake ba sabon shiga na turawar farko ne kawai, kada a yi hukunci da shi. Biya daga asusun banki ya fi biya da katin bashi sauƙi. Remitly na da tsari biyu, na gaggawa da na haƙuri, in ba asibiti ake jira ba na haƙurin ya wadatar. Na Amurka kuma su sani, daga Janairun 2026 akwai harajin kashi 1 cikin ɗari a kan abin da aka tura da tsabar kuɗi a kanta, wanda aka biya daga asusu ko katin banki bai shiga ciki ba.

Kai kuma a gida, lambar karɓa sirri ce: ta Western Union alƙaluma 10, ta MoneyGram 8. Kada ka karanta wa kowa ita a waya. Alat na saƙon tes ba shaida ba ne, buɗe manhajar banki ka ga kuɗin da idonka.

## In kuɗi ya maƙale

Kwana biyar na aiki ya wuce ba labari, ka koma bankinka ka nemi kwafin saƙon SWIFT, wanda ma'aikata suka fi sani da MT103. A jikinsa akwai doguwar lambar bibiya da ake kira UETR. Tura wa mai karɓa ya kai bankinsa, da ita za a ga inda kuɗin ya tsaya. Sau da yawa tambaya ce bankin tsakiya ya yi, kamar mene ne dalilin biya ko mece ce alaƙarku, aka rasa mai amsawa.

In an fara yi maka je-ka-ka-dawo, daina ƙorafi da baki. Rubuta takarda ga manajan reshe, ka sa ranar turawa, adadi, lambar bibiya da abin da kake nema a yi, ka haɗa hotunan da ka ɗauka, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, a kuma ba ka lambar ƙorafi. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN ne mataki na gaba, kuma abin da za su fara tambayarka shi ne wannan lamba da wannan kwafi mai hatimi. Ga manhaja kuwa, yi ƙorafin ta imel ko a cikin manhajar inda zai bar sawu, ban da kiran waya. In kuɗin dawowa zai yi, tambayi da wane kuɗi za a mayar maka da kuma farashin wace rana, na ranar da ka tura ko na ranar da ya dawo, ka sa su rubuta maka amsar.